Amsa: Me ɗan majalisa zai iya yi game da haraji?

Assalamu alaikum Malam. Ka tambaya ko wakilin da muke zaɓa a nan Legas yana da ta cewa a kan haraji, ko kuwa zaman ɗumama kujera kawai yake yi.

Yana da ta cewa, amma akasarin aikin a kwamiti ake yin sa. A karatu na farko sunan ƙuduri kaɗai ake ambata, a na biyu a tafka muhawara kan manufarsa, sannan a miƙa shi ga kwamiti, inda ake sauraron ra'ayin jama'a, ake bin sassansa ɗaya bayan ɗaya. Wakilin da ya yi shiru a nan, duk ihun da zai yi a zauren majalisa gaban kyamara bai cika sauya komai ba.

Dubi ƙudurorin haraji huɗu da Shugaba Tinubu ya aika Majalisar Tarayya a Oktoban 2024. An nemi ƙara harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan kayan da ake saye, daga kashi 7.5 cikin ɗari, an kuma nemi sauya tsarin rabonsa tsakanin jihohi, gwamnonin Arewa suka ce ba su yarda ba. Bayan doguwar taƙaddama, majalisa ta bar shi a 7.5, shugaban ya sa hannu a Yunin 2025.

Sai dai ka rarrabe: harajin fili da gidaje na jihar Legas hurumin majalisar dokokin jihar ne da ke Alausa, mai kujeru 40, kuɗin rumfa a kasuwar Agege kuwa galibi ƙaramar hukuma ke karɓa. Koken 'yan kasuwarmu kan kuɗin rumfa, a rubuce, ƙaramar hukuma ya kamata ya nufa.