Amarya ta tambayi dalilin da ba a tsallake littafi

Amaryata, saƙonki ya iso tun ranar Talata, sai da na gama dariya sannan na nemi tabarau. Wato an raba muku takarda a laburaren jami'a ana tambaya ko wurin yana taimaka muku wajen cin jarrabawa, ke kuma kin rasa abin rubutawa, tunda ba kya shiga sai cajin wayarki ya ƙare. Sannan kika ɗora da cewa me ya sa muke hana ku ajiye littafi a ƙasa ko tsallake shi, addini ne ko camfin tsofaffi. Ta cajin wayar ce ta ba ni dariya. Ta biyun kuwa ta ɗan tsaya min a rai, don ban zaci jikata za ta sa wannan a sahun camfi ba.

Mahaifina, kakan mamarki, ya zo Jos ne lokacin da haƙar kuza ke tashe, amma bai taɓa riƙe diga ba. Zaure ya samu a Gangare yana karantar da 'ya'yan lebura da safe, manya kuma bayan la'asar. Littattafansa ba su da yawa, suna cikin gafaka rataye a bango, wasu ma da hannunsa ya kwafe su daga na wani malami, don a da in kana son littafi sai ka je wurin mai shi, ka roƙa, ka zauna ka rubuta naka. In muna tafiya ya ga takarda a ƙasa, ko da yagaggiyar jarida ce aka ƙunshe ƙosai da ita, sai ya sunkuya ya ɗauka ya cusa a tsagin katanga. In mun ce Baba ai boko ne, sai ya ce, "Kun karanta kun ga babu sunan Allah a ciki?" Ya kuma kan ce wanda ya ara maka littafi ya ara maka idonsa, kada ka mayar masa da shi da hakiya. A lokacin ina ɗauka tsoron malaminsa ne kawai.

Ni ban shiga jami'a da wuri ba. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, ina da aure, mamarki tana tatata, sannan na samu gurbi, ba a taku ba, a wata. Muka faɗa daidai lokacin da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP a 1986, naira ta faɗi, littafin Ingila da Amurka ya fi ƙarfin ɗalibi, ya kusa fin ƙarfin jami'ar ma. Mujallun bincike da ake kawowa daga waje suka riƙa yankewa. Saboda haka in malami ya ce a karanta babi kaza, to kwafi ɗaya ne ga dukan ajin, a ɓangaren da ba a fita da littafi. Ka miƙa katinka, ka sa hannu a takarda, a ba ka na awa biyu.

Ana saura 'yan kwanaki jarrabawa, cikin hunturu, na yi asuba na tafi na tsaya a bakin ƙofa da hannu cikin aljihu, na riga kowa. Aka buɗe, na karɓi littafin, na nemi kujera kusa da taga, na buɗe babin da ake nema. Babu shi. An bi da reza an yanke shi tas daga tushe, yanka mai kyau irin na wanda ya natsu. Na mayar wa dattijon da ke kan tebur, jikina har rawa yake. Bai ɗaga murya ba. Ya jawo takardar sa hannu, ya bi sunaye da yatsa, ya tambaye ni wa na san ya karanta babin jiya da rana, na faɗa masa. Saura mutum biyu ke nan a bayansa. Ya ce in je in dawo da azahar.

Da na dawo sai na tarar da wani ɗan ajinmu zaune a gefen teburin, gabansa farar takarda da kwafin malaminmu na kansa, wanda dattijon ya je har ofis ya aro. Da ya kai maganar sama, korar yaron za a yi. Maimakon haka ya sa shi ya kwafe babin nan da hannu, layi bayan layi, har da jadawalin da ke ciki, a gaban duk mai shiga da fita, tunda shafukan da ya yanka ya riga ya ninke su sun lalace a aljihu. Akwai injin ɗaukar hoton takarda a gari, amma ya ce a'a, hannun da ya yanka shi zai rubuta. Yaron na rubutu, mu kuma muna layi, in ya gama shafi a miƙo mana mu karanta. Bayan jarrabawa aka kai wa masu ɗinkin littafi suka haɗa rubutun nasa a inda ya yanke. Har muka gama makaranta littafin na nan da babi guda na rubutun biro, kuma rubutun nasa ba kyau, Allah Ya sani. Abin da dattijon ya faɗa masa kawai shi ne, "Akwai wanda yanzu yake firamare, shi ma nasa ne." Da na ba Baba labari, ya ce ashe a boko ma akwai malamai.

Wannan dattijon shi ya koya min neman littafi a akwatunan kati, ta sunan mawallafi ko ta fanni, ya nuna min cewa lambar da ke jikin littafi tana kai ka wurin 'yan'uwansa, sau da yawa wanda kake buƙata shi ne na gefen wanda ka zo nema. Ba a sa sunansa a takardar shaidata ba, amma rabin kundina a kan teburinsa aka haife shi. Irin wannan ne masu laburarenku suke son ku faɗa a takardar da suka raba, kuma ban ga laifinsu ba. Hukumar NUC mai kula da jami'o'i in ta zo tantance kwasa-kwasai tana duba laburare, kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, shi ma ba a samunsa da fatar baki, dole su nuna ana shiga, ana amfana. Ku kuma kun bar su da kujeru da soket.

Kina ƙarama a watan Oktoban 2016 lokacin da gobara ta cinye ginin laburarenku na Jami'ar Jos da ke Naraguta, har da ofisoshin malaman da ke cikinsa. Na ga manyan mutane suna share hawaye a kan takardun da ba su suka rubuta ba. Nan Abuja kuwa kullum ina wuce ginin babban laburaren ƙasa da aka fara tun 2006, har yau ba a tare ba. Bari in yi shiru a nan, kada hawan jinina ya tashi.

Ban ce wayarki banza ba ce, ai da ita nake rubuto miki. Abin da ke damuna shi ne na ga ƙanenki ya ɗora kwanon indomi a kan littafin lissafinsa, uwarsa na kallo ba ta ce uffan ba. Mu da tuni an sha ranƙwashi. Ko addini ne ko al'ada, wannan ki tambayi limaminku, ni dai ban taɓa jin Baba ya raba su ba, ban kuma yi ƙarfin halin tambayarsa ba.

In kin samu Asabar da babu lacca, ki je gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952, ki nemi a nuna miki tsofaffin rubuce-rubucen Larabci na hannu da suke ajiye da su. Takardar nan kuma kada ki rubuta musu ƙarya. Ki shiga tukuna, ki je wurin mai tebur ki gaishe shi da ladabi, ki gaya masa kwas ɗin da ya fi ba ki wuya, ki ga abin da zai yi. Kuɗin rigar sanyin da kika roƙa na ba kawunki ya tura miki, ki duba.