Tuƙi a siraran hanyoyin ƙauyukan Sikotland

Malam, ka tambaya ko wanda ya saba tuƙi a Kano zai iya ɗaukar hayar mota ya shiga ƙauyukan Sikotland. Zai iya, lasisin Najeriya yana yi wa baƙo aiki har wata 12 a Birtaniya, wadda Sikotland ke cikinta. Abin tsoron shi ne sabon da ka yi a titin Zariya: a Sikotland hagu ake bi, sitiyari kuma yana dama. Ka nemi ƙaramar mota otomatik, kada canjin giya da hannun hagu ya raba maka hankali.

Hanyoyi da yawa a tsaunukan arewa mota ɗaya tak suke ɗauka, sai ƴan wuraren kaucewa masu alama a gefe. In wurin yana hagunka, shiga ka tsaya. In yana damanka, kada ka tsallaka, tsaya saitinsa a hannunka, mai tahowa ne zai shiga. Mai hawan tudu ake ba hanya, wani lokaci har sai ka yi ribas zuwa wurin da ka baro. Don Allah kada ka yi fakin a ciki don ɗaukar hoto, toshe hanya ne.

Allunan gudu da mil ake rubuta su. Mil 60 kusan kilomita 96 ne, amma a kwanar da katangar dutse ta tare maka gani, ga tumaki kwance a kan kwalta, mil 20 ma ya wadatar. An fi mantuwa a koma hannun dama da safe ko bayan shan mai, lokacin da hanya ba kowa.