Ɗana ya gama karatun akanta: in biya masa ICAN ko in kawo shi shago?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Ɗana ya gama digirin akanta, ya yi bautar ƙasa, wata takwas ke nan yana gida yana jiran aikin banki. Yanzu kuma ya ce in biya masa kuɗin jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci. Ni a ganina ya zo shago kawai mu haɗa hannu. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa karatun yaron albarka.

Ka biya masa. A wannan fanni digiri zaure ne, cikin gida yana gaba. Kamfanin da ke neman ƙwararren akanta a Najeriya takardar ƙungiya yake tambaya, kuma manyan ƙungiyoyin biyu ne. Akwai ICAN, wadda doka ta kafa a 1965. Jarrabawarta hawa uku ce, kuma akan ɗauke wa mai digirin akanta hawan farko idan ƙungiyar ta amince da karatun jami'arsa, don haka ya fara binciken wannan kafin ka fitar da ko sisi. Sai ANAN, wadda aka kafa a 1979, ta samu amincewar doka a 1993, kwalejinta na Kwall kusa da Jos.

Amma ka gindaya masa sharaɗi: zaman jiran banki ya ƙare. Ya nemi ƙaramin ofishin masu binciken kuɗi nan cikin Kano, ko da albashin bai taka kara ya karya ba. A can zai ga littattafan kamfanoni na gaske, da rasit ɗin da ya ɓata, da lissafin da ya ƙi daidaita, abubuwan da aji ba ya nunawa. Ya kuma iya manhajojin lissafi na kwamfuta: Excel sosai, sannan ya koyi Sage ko QuickBooks.

Batun shago kuwa, a nan nake so mu daɗe. Kada ka kawo shi ya zama yaron shago mai ɗauko turmin atamfa, kana da masu yin wannan. Ka damƙa masa littafi, ranakun Asabar da yammacin da ya samu. Aikinsa na farko ƙidaya: turmi nawa ne a shago, dila nawa a sito, wa kake bi, wa ke binka. Na biyu, ya raba asusun shago da naka, kuɗin POS da tiransifar ciniki su daina faɗawa inda ake cire kuɗin cefane.

Abin da zai yi wuya ba lissafin ba ne, Alhaji, kai ne. Ɗa na jin nauyin ya ce wa mahaifinsa "Baba, wannan da ka ɗiba uwar kuɗi ce, ba riba ba." Na ga shagunan da ciniki ke gudu a cikinsu amma jari na zagwanyewa, saboda gudunmawar biki, kuɗin makaranta da na asibiti duk daga durowa ɗaya suke fita ba a rubuce ba. Idan ya ce a rubuta, kada ka ɗauka rashin kunya ce, aikin da ka biya ya koya ke nan. Ka yanka wa kanka albashi, shi ma ka yanka masa.

Ko zakka ma, kashi 2.5 cikin ɗari na kayan ciniki, ta yaya za a fitar da ita daidai idan ba a san abin da ke sito ba? Haka rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar haraji, ya ɗauke maka su. Maƙwabtanka na layi idan suka ga haka, kada ka yi mamakin su fara neman ya duba musu nasu littafin, su biya shi.

Ka gwada shi wata uku. Ƙarshen kowane wata ya miƙo maka takarda ɗaya: abin da ya shigo, abin da ya fita, kayan da suka rage, da bashin da ke waje. Ranar da ta ukun ta zo hannunka, ka biya kuɗin rajistar jarrabawar.