Tambayi Likita: Masu Yasar Sokawen Asibiti

Likita, sana'ata yasar masai da sokawe a Jos. Wai na asibiti ya fi na gida haɗari? Ni dai duk na gama aiki sai in sayi kafso a kemis in sha. (Daga Unguwar Rogo)

Ya fi, Malam. Abin da ke gangarowa daga ɗakunan jinya ya haɗa bayan gidan masu taifot da kwalara, jini, mugunya, da ragowar magungunan da jiki ya fitar ta fitsari. Ƙwayoyin cutar da suka zauna cikin wannan haɗin sun saba da magani, shi ya sa in suka kama mutum sai a yi ta sauya masa magani, sauƙi ya ƙi samuwa. Kafson nan kuwa ka daina. Ba rigakafi ba ne, horar da ƙwayoyin kake ƙara yi. Tara kuɗin ka sayi takalmin roba mai kaiwa gwiwa da safar hannu mai kauri. Kuma kada goro ko sigari ya taɓa bakinka sai ka wanke hannu da sabulu.

Jiya allura ta soki ƙanena a ƙafa cikin kwatar wani asibiti. Mun zuba masa man birki. Ya wadatar? (Daga Rikkos)

Man birki na mota ne. Ku wanke wurin da ruwa da sabulu, ku kai shi babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) yau ɗin nan. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, ana shan sa kwana 28. Amma ni ciwon hanta nau'in B ya fi ba ni tsoro, domin ƙwayarsa takan yi kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba. Rigakafinsa allura 3 ce cikin wata 6. A yi masa ta tetanus ma.

Maigidana mai gyaran magudana ne. Yana zazzaɓi da ciwon sha-raɓa, idonsa ya yi rawaya. An ce shawara ce, muna ba shi jiƙo. (Daga Gangare)

Baiwar Allah, a ajiye jiƙon, a yi gwajin jini. Zai iya zama ciwon hanta, ko wata cuta da fitsarin ɓera ke sawa a ruwa, ta shiga ta faso ko rauni, wadda kan taɓa ƙoda in aka yi sakaci. Ku faɗa wa likita sana'arsa tun kafin ya tambaya. Kayan aikinsa kuma a daina haɗa su da wankin yara.