Kufai yana da masu shi

Ɗana, na ga saƙonka da hoton tsohuwar taswirar 'yan safiyo da ka turo, mai nuna tudu da kwari da sunayen garuruwan da yau babu kowa a cikinsu. Ka ce me ya sa manya ke hana a shiga kufai kai tsaye, a kwashi dutse ko a sa garma, alhali ga shi a yashe.

To, kufai yana da masu shi. Mutane sun tashi, amma ba su tafi da kaburburan iyayensu ba, kuma jikokinsu sun san iyakar gonakin kakanninsu. Shi ya sa ko kiwo ne ya kai ka, sai ka fara da gaida mai garin da ke kusa. Ba a noma kan maƙabarta, ba a sare kuka, ba a cike tsohuwar rijiya. Wasu za su ce maka saboda iskoki ne. Ni dai abin da na tashi na tarar shi ne kunyar mamata da kiyaye haƙƙin mutane, wannan kuwa ya ishe ni dalili.

Ruwa ba ya tsami banza. Dubi Surame, birnin da Kanta, sarkin Kabawa, ya gina a ƙarni na 16, yanzu yana cikin ƙasar Binji ta jihar Sakkwato. Kabawa sun bar shi suka koma Birnin Kebbi, aka ci Birnin Kebbi a 1805 lokacin jihadi, daga bisani sarautar ta zauna a nan Argungu. Har yau ganuwar duwatsun tana nan, amma wane Bakabe ne zai ce Surame ba tasa ba ce? Na Yawuri ma ya fi taɓa ni. Da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, an tashi Gungawa daga tsibiransu, ruwa ya rufe wasu ƙauyukan. Su kam ko wurin ziyara babu, sai irin takardar da ke hannunka, don haka ka adana ta da kyau.

In za ka je, kada ka dogara da takarda kaɗai. Ka duba inda kukoki suka taru wuri ɗaya, da ramukan marina, da tsingaro a ƙasa, da dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya. Ka nemi dattijon yankin ya raka ka. In kun iso maƙabarta ka yi musu sallama da addu'a, abin da ka gani kuma ka bar shi inda yake.

Ka gaida mahaifiyarka.