Na Sa Manyan Tayoyi, Waya da Agogon Mota Sun Daina Yarda da Juna

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da mota mai jan tayoyi huɗu wadda ta zo da taya 265/70R16, sai na sauya su da 285/75R16. Tun daga ranar, idan agogon gudun motar ya nuna kilomita 100 a awa, manhajar taswira da ke wayata tana nuna kusan 105. Motar ta kuma yi nauyi wajen tashi da hawan tudu. Wayar ce ta lalace ko agogon motar? Wani bakanike ya ce sai na sauya giyar difarenshiyal. Da gaske ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Wayarka lafiyarta lau, agogon motar ma bai lalace ba. Wayar tana gano gudunka ne daga saƙonnin taurarin ɗan Adam na GPS, ba ruwanta da girman taya, kuma a kan miƙaƙƙiyar hanya da sarari a buɗe lissafinta abin dogaro ne. Agogon mota kuwa juyi yake ƙirgawa, sannan ya ninka shi da tazarar da aka gaya masa taya tana ci a kowane juyi, kuma har yanzu tazarar tsohuwar taya yake riƙe da ita.

Bari mu yi lissafin da lambobin da ke jikin tayar. A 265/70R16, lamba ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tana nufin tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari ne na faɗin, ta ukun kuma girman wili ne a inci. Gefe biyu sun ba da milimita 371, wilin ya ba da 406, jimla kusan milimita 777, wato inci 30.6. Sabuwar tayar ta kai kusan milimita 834, ko inci 32.8. Bambancin ya ɗan haura kashi 7 cikin ɗari, don haka da a ce agogon daidai yake tun farko, da wayar ta nuna 107. Abin da ya sa ka ga 105 shi ne kamfanoni sukan saita agogo ya ɗan yi ƙari, domin ƙa'idar da ake bi a Turai da wasu ƙasashe da dama ta hana agogo ya nuna ƙasa da ainihin gudun mota. Yanzu naka ya koma yana rage maka, kuma na'urar ƙirga kilomita ma tana ragewa, abin da zai shafi lokacin juyen mai idan da ita kake aunawa.

Nauyin da ka ji ya fito daga wannan kashi 7 ɗin. A cikin difarenshiyal, wato akwatin da ke raba juyi tsakanin tayar dama da ta hagu, akwai ƙaramar giya da farfela (doguwar sandar ƙarfe mai kawo juyi daga akwatin giya) ke juyawa, ita kuma tana juya babbar giya mai siffar zobe wadda ke kai ƙarfi ga tayoyi. Idan babbar tana da haƙora 41, ƙaramar tana da 10, rabon juyinsu 4.10 ke nan, ma'ana farfela za ta juya sau huɗu da ɗigo ɗaya kafin taya ta juya sau ɗaya. Doguwar taya tana cin tazara mai yawa a kowane juyi, saboda haka ƙarfin da ke isa ƙasa yana raguwa daidai gwargwadon tsawon da ta ƙara, ga kuma nauyinta da inji zai juya, birki kuma ya tsayar. Kamar ka tashi mota ne da giyar da ta ɗan fi wadda ya kamata.

Hanyar gano rabon da zai mayar da motar yadda take mai sauƙi ce: ka ninka rabon da kake da shi da tsayin sabuwar taya, ka raba da tsayin tsohuwa. Ba ka faɗi naka ba, amma idan muka ɗauka 4.10 ne, amsar za ta fito 4.40. Samun wannan lamba daidai yana da wuya, domin yawan haƙora ne ke yanke rabon, sai dai ka zaɓi na kusa, kamar 4.30 ko 4.56, idan ana ƙera su don irin motarka. A kilomita 100 a awa, idan giyar ƙarshe ta akwatin giya tana da rabon 0.75, injin yana juyi kusan 2,100 a minti da tsohuwar taya, ya sauko kusan 1,960 da sabuwa, kuma zai hau kusan 2,175 idan aka sa 4.56. Mai jan kaya ko hawan duwatsu zai fi jin daɗin 4.56, mai doguwar tafiya a kwalta kuma 4.30 ta ishe shi. Ka kuma auna tayar da tef tana ɗauke da motar, domin takan gaza abin da lissafi ya bayar.

A nawa ganin, ƙarin kashi 7 bai kai a ce sauya giyar difarenshiyal dole ne ba. Idan akwatin giyarka mai sauya kansa ne kuma ka ga yana ta kai da komo tsakanin giyoyin sama a ɗan tudu kaɗan, ko kana jin ƙaurin kuloci wajen tashi da kaya, to aikin ya cancanta. Wanda ya tsallaka zuwa taya mai tsayin inci 35 kuwa, ƙarin ya kai kusan kashi 14, lissafinsa ya fito 4.69, kuma da wuya ya ji daɗin motar ba tare da 4.56 ko 4.88 ba.

Idan ka yanke shawarar yi, abu ɗaya ba a sassauci a kansa: gaba da baya dole su zama rabo ɗaya. Idan aka sauya na baya kaɗai, duk lokacin da ka sa jan tayoyi huɗu farfelar gaba da ta baya za su nemi juyi daban alhali akwatin raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ya ɗaure su tare, kuma a kan ƙasa mai tauri wani ƙarfe ne zai biya bashin. Aikin kansa yana buƙatar bakaniken da ke da ma'auni, wanda zai daidaita zurfin shigar ƙaramar giya, da 'yar tazarar da ke tsakanin haƙora, da matsin boris, sannan ya shafa fenti a haƙoran ya duba inda suke haɗuwa. Giyar da ba a daidaita ba takan yi kuka, ta cinye da wuri. Masu ƙera waɗannan giyoyi sukan ba da shawarar tafiya a hankali da farko, da sauya man difarenshiyal bayan kimanin kilomita 800.

Tambaya: Idan na sauya giyar, agogon zai koma daidai da wayar?

Amsa: Ya danganta da inda motar ke ɗaukar ƙirgenta. Idan na'urar tana bakin akwatin giya ko akwatin raba ƙarfi, kamar a yawancin tsofaffin motoci, sabon rabon zai mayar da agogon kusa da daidai. Idan kuwa daga na'urorin birkin ABS (birkin da ke hana taya kullewa) da ke jikin kowace taya take ɗauka, kamar a sababbin motoci da yawa, sauya giya ba zai taɓa kuskuren ba, sai an shiga kwamfutar motar ta kafar OBD-II, wato soket ɗin da ake jona na'urar binciken mota, an gaya mata girman sabuwar taya, ko a sa ƙaramar na'urar gyara sigina inda kwamfutar ba ta karɓar sauyin. Kafin ka kashe ko kwabo, ka jona adaftar ELM327, wato ƙaramar na'urar karanta bayanan kwamfutar mota, a kafar OBD-II ɗin, ka haɗa ta da waya ta Bluetooth, ka buɗe manhaja irin Torque, wadda za ta nuna maka juyin inji da gudun da kwamfutar ke gani kusa da na GPS. Ka ba wani ya riƙe wayar yana rubuta lambobin a gudu 60, 80 da 100, kai kuma idonka na kan hanya.