Zogale da karas za su iya cire yanar ido?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifiyata tana da shekara 64 kuma tana fama da ciwon suga. An ce yana ta fara rufe mata idon dama, tana gani dishi-dishi kamar cikin hazo. Tsoron aiki take yi. Akwai abinci ko maganin ɗigawa da zai wanke yanar? Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba Mama lafiya. Yanar da ta riga ta zauna, babu abinci ko maganin ɗigawa da ke narkar da ita. Ba a saman ido take ba balle a wanke ta. Madubin da ke can ciki, bayan baƙin ido, shi ne ya dushe. Abin da kulawa ke yi shi ne rage wa yanar gudu da kare ɗaya idon.

Fara da sugan. Idan ya daɗe a sama yana lalata madubin da wuri, don haka ta riƙa shan maganinta kan lokaci, ta rage lemon kwalba da shayi mai zaƙi. Ganye kamar zogale, alayyahu da rama, da gwaba, lemu da ƙwai suna da amfani, amma ta ci su a abinci. Ƙwayoyin bitamin masu tsada ba a tabbatar suna hana yana ba, kada ki zubar da kuɗinki.

Rana ma tana da hannu. Idan za ta fita, ta sa tabarau mai alamar UV400, wato mai tare hasken rana da ke cutar da ido, baƙi kawai bai isa ba. Ga maza masu noma, malfa tana taimakawa. A nisanci taba, a kuma rage zama cikin hayaƙin itace a madafa marar taga.

Wanda aka fi sakaci da shi: dexamethasone da prednisolone, na sha ko na ɗigawa, da ake saye a kemis don ƙaiƙayin ido, ciwon gaɓɓai ko neman ƙiba. Daɗewa ana amfani da su na kawo yana, har da hawan jinin ido. Amma wanda likita ya ɗora a kansu kada ya daina da kansa.

Shi aikin bai cika wuce minti 30 ba. Ana kashe zafin idon kawai, a cire madubin da ya dushe, a sa na roba. Ba sai yanar ta “nuna” ba. Da zarar ta hana ta karatu ko girki, lokaci ya yi. Za a auna suganta tukuna, a kuma duba bayan idon, domin suga na ɓata jijiyoyin wurin. Ana yin aikin a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da manyan asibitocin jihohi.

Kada ku bari masu bin ƙauyuka su soke mata ido da allura su tura yanar ciki. Haske kan dawo na ɗan lokaci, daga baya kumburi ya biyo, sau da yawa ido ya tafi gaba ɗaya. Zuma da ruwan ganye ma kada a ɗiga mata.